Yadda ake samo kayan asali na tsohuwar Hiace cikin rahusa, daga Tawa har Yamai

Tun da motata ta bar garaji ta koma layin Tawa zuwa Ƙonni, da wuya a kwana uku wani bai tare ni a tasha ko ya kira ni ba: "Alhaji, ina ka samo pompon ruwan nan? Nawa aka bar maka ambireyaj?" Motar Hiace ce irin wadda Toyota ta ƙera tsakanin 1989 da 2004, mai shan gazuwal, injinta 3L. Amsar ba ta tsayuwar bakin tasha ba ce, shi ya sa na zauna na jera ta daki-daki. Da Hiace zan yi misali domin ita na sani, amma mai wata tsohuwar bas ma zai iya bin matakan.

Abin da za ka tanada kaɗan ne: kat giriz ɗin motar (takardar rajistarta), waya mai kyamara da ɗan kuɗin intanet, tocila, tsumma, burushin ƙarfe, da ƙaramin littafi wanda zai zauna cikin motar.

1. Karanta motarka kafin ka taka kasuwa

Yawancinmu muna shiga kanti mu ce "ba ni na Hiace". Hiace iri-iri ce. Akwai ta 1989 zuwa 2004, akwai wadda ta fito daga 2004, akwai kuma ta Turai mai ɗan gajeren hanci wadda aka sayar daga 1995 zuwa 2012. Suna ɗaya, ciki daban.

Nemi ƙaramin farantin da masana'anta ta manna, ko a ginshiƙin ƙofa ko wajen kujerar gaba inda injin yake. Goge shi, ka ɗauki hoto. Abu uku kake nema. Na farko lambar shasi, mai haruffa da lambobi 17. Idan motar an yi ta ne don kasuwar Japan, lambar ta fi haka gajarta. Na biyu lambar samfuri, kuma haruffan farko suna gaya maka injin da aka ƙera ta da shi: LH na injin gazuwal dangin L ne, wato 2L da 3L da 5L, RZH na fetur ne, 1RZ ko 2RZ, KDH na 2KD ko 1KD, TRH na 1TR ko 2TR. Na uku harafin da ke bin lambobin a motocin da aka fitar waje: L na nufin sitiyari a hagu irin namu, R kuma a dama.

Daga nan ɗaga kujera, ka kankare gefen injin da burushi har ka ga abin da aka buga a jikinsa.

Hattara: kada ka dogara da kat giriz ko farantin kaɗai. Motar da ta yi shekara ashirin a hanyoyinmu, da wuya ka tarar da injin da ta zo da shi. Na ga mota takarda ta ce 2L, cikinta kuwa 5L. Faɗin silindar 2L milimita 92 ne, na 3L 96, na 5L 99.5. Daga waje kamar ƴan uwa ɗaya suke, amma fistan da zobba da juwan kilas (shimfiɗar da ke tsakanin kilas, wato kan inji, da jikin injin) na wannan ba su zama a wancan. Kayan jiki da ƙafa ka neme su da lambar shasi, kayan inji kuma da abin da ka gani a jikin injin.

2. Mayar da sunan kayan ya koma lamba

Nan ne duk rahusar take, kuma nan ne mutane suka fi ƙyuya. Kowane kayan Toyota yana da lamba mai gurbi 10, biyar a gaba, biyar a baya. Biyar ɗin farko suna faɗin irin kayan, na baya suna faɗin motar da ya dace da ita. Waɗanda na fi yawan nema sun zauna mini a ka: 13568 kuruwar inji (bel) mai haƙora, 16100 pompon ruwa, 04465 pilaket ɗin birkin gaba, 04495 takalmin birkin baya, 31250 faifan ambireyaj, 31210 marfinsa, 17801 filtar iska, 27060 altanater, 28100 demarer.

Hanya biyu ake samun cikakkiyar lambar. Ta farko, duba jikin tsohon kayan da aka kwance. Demarer da altanater galibi suna da takarda ko faranti, kuruwa kuma ana buga lambar a bayanta. Ta biyu, shiga ɗaya daga cikin shafukan da ke da kundin kayan Toyota, irin su PartSouq ko Amayama ko Megazip. Ka rubuta lambar shasi ko ta samfuri, sai su buɗe maka zanen motar gaɓa-gaɓa, kowane ƙusa da lambarsa. Dubawa kyauta ce, ba sai ka saya a wurinsu ba. Idan ba ka saba da waya ba, zaunar da yaronka na lise ku yi tare, minti goma ya isa. Ɗauki hoton zanen da lambar, ka kuma rubuta a littafinka.

Me ya sa na nace a kan wannan? Wanda ya shiga kanti da suna, mai kanti ne zai zaɓa masa kaya ya kuma yanka masa farashi. Wanda ya shiga da lamba yana iya tura ta wa mutum biyar ta WhatsApp, ɗaya a Tawa, biyu a Yamai, ɗaya a Sakkwato, ɗaya a Kano, kuma duk abu ɗaya suke yi wa kuɗi. Sannan lambar tana buɗe maka ƙofar da ba ka sani ba. Injin dangin L yana cikin Hilux da Dyna ma, don haka abin da aka ce maka "na Hiace ya ƙare" wataƙila yana kan kanta da sunan Hilux.

Hattara: Toyota tana sauya lambobi. Idan aka ce lambarka babu ita, koma kundin ka duba, sau da yawa za ka ga sabuwar da ta maye gurbinta. Kuma inji iri ɗaya ba ya nufin kome ɗaya ne; kwanon mai da ƙafafun inji da bututun hayaƙi na iya bambanta tsakanin Hiace da Hilux. Lamba ce za ta raba gardama.

3. Raba kayan gida uku

Ba kowane abu ne ya cancanci kwalin Toyota ba, ba kuma kowane abu ake saye na hannu ba.

Gida na farko, sabo fil kuma na ƙwarai, ba ciniki a kan inganci: kuruwar inji da tayoyin da ke ɗaure ta, juwan kilas, tarmosta (mai daidaita zafin ruwan inji), robobin tare mai, kayan birki, da rotil (gaɓar ƙarfe mai juyawa) na ƙafar gaba. Waɗannan in sun ci amana, ko inji ya tafi ko rayukan fasinja. Kuruwar dangin L ana sauya ta duk kilomita 100,000, kuma in ta tsinke a guje fistan ne zai doki bawul. Masu injin RZ da TR ku sarƙa gare ku, wannan bai shafe ku ba.

Gida na biyu shi ne sirrin da ƴan kasuwa ba su cika faɗa ba. Toyota ba ita ke ƙera yawancin ƙananan kayan da hannunta ba, kamfanoni ne ke yi mata ta zuba a kwalinta. Denso na yin demarer da altanater, Aisin na yin pompon ruwa da ambireyaj, Koyo da NSK na yin rulma (zoben ƙarfe mai ƙwallaye da ke sa abu ya juya), NOK na yin robobin mai, KYB na yin amortiser, Mitsuboshi na yin kuruwa. Kamfanonin nan suna sayar da kayansu cikin nasu kwalin, kuma galibi ya fi sauƙin kuɗi. Za ka iya ɗaukar pompon ruwa na Aisin ka ga wurin da aka goge tambarin Toyota a jikinsa. Wannan ba alamar jabu ba ce, daga tukunya ɗaya suka fito. Ni a nan na fi kashe kuɗina.

Gida na uku, na hannu da aka kwanto daga motocin waje: ƙofa, gilas, kujeru, fitilu, buwat (akwatin giya), pon na baya (ƙarfen da ke haɗa tayoyin baya), demarer, har inji sukutum. Da tsohuwar zuma ake magani. Tsohon demarer na Denso da aka sauya wa gawayi ya fi sabon da ba a san uwarsa ba. Amma ban taɓa yarda a saka mini amortiser, pilaket, kuruwa ko filta na hannu ba, kome arha.

4. Fara jin farashin wakili

Ko ba ka da niyyar saye a can, kira ko ka aika wani wurin CFAO a Yamai, su ne wakilan Toyota. Ba su lambar, ka tambayi kuɗin da kuma ko akwai shi a ƙasa ko sai an yi oda. Wannan farashi shi ne mudunka. Duk wanda ya ce zai ba ka "na asali cikin kwalin Toyota" a kashi ɗaya cikin huɗu na wancan kuɗi, ka san akwai magana. Kuma kada ka ɗauka kome nasu tsada ne. Ƙananan abubuwa irin tarmosta da robobi wani lokaci tazarar ba ta kai ta sa ka yi kasada ba.

5. Bi kasuwanni daga na kusa zuwa na nesa

Fara da gida. Masu kantin piyes na Tawa suna da kayan yau da kullum, kuma in abu bai zauna ba kana iya komawa da ƙafarka. Wannan kusanci ma kuɗi ne. Ka kuma leƙa garejin da ke da matattun Hiace a ajiye. Mai motar da injinta ya tafi sau da yawa zai sayar maka da ƙofa ko pon a ƙasa da na kasuwa.

Sai Yamai. Kayan hannu ka nufi wajen ƴan feray (masu tsofaffin ƙarafa) na Turaku, ka kuma zaga Katako. Sababbi kuma akwai manyan kantuna a cikin gari. Daga Tawa tafiyar ta haura kilomita 500, saboda haka ba a yin ta don filta ɗaya. Ko ka tara buƙatu ka tafi sau ɗaya, ko ka samu amintacce a can ya duba, ya turo maka hoto, ka aika kuɗi ta Nita ko Amana, ya saka maka kayan a motar Rimbo ko wata bas da ke zuwa Tawa.

Mu mutanen Adar muna da wata ƙofa da ta fi Yamai kusa: Ƙonni, Illela, Sakkwato. Wanda ya iya nisa kuma ya kai Ƙofar Ruwa a Kano, inda kayan Hiace suke jibge domin can ma ita ce motar haya. Arha ko tsadar wannan hanya tana bin canjin Naira, sai ka ji na ranar a Ƙonni kafin ka yanke shawara.

Na ƙarshe oda daga waje. Kayan Japan masu yawa, sabo da na hannu, ta Dubai da Sharja suke biyowa. Abu ƙarami mai tsada wanda ya gagara a nan, shi ya dace da wannan hanya, ko ta shafukan da na ambata ko ta hannun ɗan kasuwarmu mai zuwa can. Abu mai nauyi kuwa kuɗin jirgi zai cinye ribar. Na kwantena kuma, tun da aka rufe iyakar Benin a 2023 kaya suka koma biyowa ta Lome da Burkina Faso, jiran ya ƙaru.

Hattara: kada ka tura cikakken kuɗi ga wanda ka sani a Facebook kawai. Ka ce ya ɗauki hoton kayan, lambar na fitowa, da takarda mai sunanka a gefe. Idan ya fara kwana-kwana, bar shi. Kayan da aka kwanto daga motocin Japan kuma ka tuna sitiyarinsu a dama yake, don haka akwatin sitiyari da fitilun gaba da allon gaban direba ba lallai su dace da taka ba.

6. Yi lissafin gaskiya

Kuɗin kaya ba shi ne abin da mai kanti ya faɗa ba. Ka haɗa da kuɗin turawa, kuɗin aike, duwan idan ya tsallako iyaka, da harajin TVA wanda yake kashi 19 cikin 100 a Nijar. Sai babban abin da ake mantawa, kwanakin da mota za ta yi a tsaye.

A ce abu jika 60 ne a Tawa, jika 45 a Kano. A ido ka ci jika 15. To a ce aike da sauran tsarabe-tsarabe sun ci jika 6, motar kuma ta kwana huɗu tana jira, alhali takan shigo maka da jika 10 a yini. Ka ga ba riba ka ci ba, jika 31 ka yi asara, ga direba da yaron mota suna zaune. Sayen nesa yana da amfani ne kawai idan motar tana aiki, kai kuma kana tanadin abin da ka san lokacinsa ya kusa.

7. Duba kayan a hannunka

Je da tsohon da aka kwance, kome dattinsa. Ajiye su gefe da gefe: ramukan ƙusa, tsawo, bakin waya, yawan haƙora. Kuruwa ka ƙirga haƙoranta ɗaya bayan ɗaya, kada kuma ka bari a lanƙwasa ta don a nuna maka ƙarfinta, zaren cikinta ne ake karyawa.

Kwali ba shaida ba ne, domin kwali ya fi kome sauƙin kwaikwayo. Duk da haka ka dube shi: rubutun da ya dushe, harafin da ya karkace, lambar kwali da ba ta yi daidai da ta jikin kaya ba, duk alamu ne. Sannan ka koma kan kayan. Na ƙwarai yana da nauyi a hannu, bakinsa a goge yake ba kaifi, sunan maƙerinsa a zube yake cikin ƙarfen ko an zana shi da tsabta. Rulma ka juya ta kusa da kunne, kada ka ji yashi. Roba ka matsa ta, ta dawo ba tsagewa. Kada kuma ka ƙi abu don ka ga an rubuta Tailan maimakon Japan. Toyota da Denso suna da masana'antu a can, filtocin mai na asali da yawa daga can suke fitowa.

Ni ma na sha. Na taɓa sayen pompon ruwa a wani kanti, kwali ja da fari tsaf, kuɗin kuma ya yi mini daɗi. Bai yi wata biyu ba ya fara zuba a hanya, direba bai lura da allurar zafin inji ba, inji ya yi zafi, kilas ya tsage. Dangin L ba su haƙuri da zafi ko kaɗan. Abin da na rage a pompo na biya shi ninki-ninki a kilas, kuma har yau abin yana yi mini ciwo domin da na juya pompon na nemi sunan maƙeri da ban saya ba. Araha ba ta ado.

Na hannu kuma kowanne da gwajinsa. Demarer a haɗa shi da batir a gabanka. Kilas ka wanke shi, ka haska tsakanin bawul da bawul ka nemi tsaga, ka kuma kai wa masu injin gyaran kilas su gwada shi da matsin ruwa su duba ko ya banƙare, kafin ka biya. Buwat a shiga kowace giya da hannu, a kwance ƙusar mai ka ga ko akwai garin ƙarfe. Inji sukutum a juya shi da sifana ya zagaya ba tare da ya cije ba, ka buɗe marfin mai. In ka ga kamar madara, ruwa ya shiga.

Hattara: altanater na 2L da 3L da 5L yana ɗauke da ƙaramin pompo a jikinsa, shi ke zuƙe iskar da ke sa birki ya yi laushi. In aka ba ka wanda babu shi, ko nasa ya mutu, batir zai yi caji amma birki zai yi tauri kamar dutse.

8. Ciniki da sharaɗi

Ka faɗi sharaɗinka kafin kuɗi ya bar hannunka, a gaban shaida: "Malam, in bai zamna ba ina maido maka, ka ba ni kuɗina ko ka canza mini." A rubuta lambar kayan da kwanan wata a rasit. Na hannu ka sa a yi masa alama da fenti, kada gobe a ce ba shi ba ne. Kayan wuta yawancin masu kanti ba su karɓarsu in sun fita, shi ya sa ake gwada su a wurin.

Maganar makanike kuma sai a yi ta da mutunci. Sananne ne wasu suna da la'ada a kantin da suke kai mutane. Ban ce ka zargi naka ba, idonsa ya fi naka sanin ƙarfe. Abin da nake yi shi ne in ce, "Maigida, zo mu tafi tare ka duba mini," in biya shi ladan tafiyarsa a fili, kuɗin kaya kuma in miƙa da hannuna. Shi bai yi asara ba, ni ma na san abin da na saya.

In kana sayen abubuwa da yawa a wuri ɗaya, ka bari sai an jera su duka sannan ka nemi ragi a kan jimla.

9. Ɗaurawa da rubutawa

Ka tsaya a ɗaura a gabanka ko gaban wanda ka yarda da shi, a ba ka tsohon da kwalin sabon. Abubuwan da ke aiki tare a sauya su tare: in an buɗe gaban inji don kuruwa, a saka tayoyinta da robobin mai, a duba pompon ruwa, in an sauke buwat, faifai da marfi da rulmar ambireyaj su tafi lokaci ɗaya. Kuɗin aikin sau ɗaya ne, kuma sabon faifai a kan tsohon marfi ba ya daɗewa. Kada ka yarda a cire tarmosta a jefar wai don ƙasarmu da zafi. In ta lalace a saka sabuwa.

Daga nan buɗe littafinka: kwanan wata, kilomita, lambar kaya, sunan maƙeri, inda ka saya, nawa ka biya. Idan agogon kilomita ya mutu, kamar na yawancin motocinmu, ƙirga da tafiya: nisan layinka sau yawan zuwa da dawowa a mako. Da ka ga kuruwa ta doshi 80,000, fara tura lambarta ana yi maka farashi tun motar tana kan hanya. Yanke takardar lambar da ke jikin kowane kwali ka liƙa ta a shafin, domin ran da za ka sake nema hotonta kawai za ka aika.